Asibitin kunne da hanci da maƙogwaro da na kai autana a Kano

Wata da watanni autana ɗan shekara 4 in ka kira shi sai ka maimaita sau uku, talabijin sai ya ƙure mata murya, da daddare kuma ga minshari baki a buɗe kamar wani babba. Ni duk na ɗauka taurin kai ne, har faɗa nake masa, abin yana damuna har yau. Inna tace beli ne a kira wanzami, maƙociyata tace a ɗiga masa manja mai ɗumi, mai kemis kuma ya yi ta bamu maganin ɗigawa ba wani canji.

Gaskiya layin wajen nan akwai wahala, tun bakwai na safe muka yanki kati ba mu ga likita ba sai bayan azahar, kujeru sun yi kaɗan, ga yara sai kuka suke. Wannan kam ya kamata su gyara.

Amma likitan wallahi ban taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Sai da ya ba yaron ƴar fitilar duba kunnen ya riƙe ya juya ta ya saki jiki, sannan ya leƙa, aka sa masa wata ƴar roba a kunne na'ura ta zana layi a takarda, maimakon layin ya yi tudu sai ya kwanta shimfiɗe. Yace Hajiya ba taurin kai bane, ruwa ne mai yauƙi ya taru a bayan dodon kunne, shi yasa yake jin magana kamar daga cikin ruwa. Ya zana min ƴar hanyar da ta haɗa kunne da bayan hanci, yace ta yara gajeriya ce kuma a kwance take, in tsokar bayan hanci ta kumbura sai ta toshe ta, minsharin ma daga nan ne, beli ba ruwansa.

Abin da ya sa na yarda da shi, bai yi saurin maganar tiyata ba. Yace binciken da aka yi a kan yara ya nuna da yawa ruwan kan tafi da kansa cikin wata 3, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba wani amfani sosai yake ba a irin wannan, in ya ƙi tafiya ne ake sa ɗan bututu a dodon kunne wanda shi ma da kansa yake faɗowa daga baya. Ya hana mu tsinken auduga da manja kwata-kwata, yace a gaya wa malamarsu ta dawo da shi layin gaba, in za mu yi masa magana mu fuskance shi.

Mun koma bayan wata 3, kunnen dama ya washe, na hagu da saura, an sake bamu rana. Dan Allah iyaye in za ku je ku yi sammako, ku tafi da abinci da ruwan yaro, da duk kwalaben maganin da kuka taɓa ɗiga masa don sai likita ya tambaya.