Rangwamen Gyaran Gida a Amurka: Wane Aiki Za a Fara, Wane Kuɗi Za a Nema

Mai gida a Amurka da ke son rage kuɗin wuta da na gas yana da ƙofofi biyu da mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Ragin haraji sai ka biya aikin daga aljihunka, ka jira lokacin cike takardun haraji sannan a cire maka. Rangwame kuwa ana zaftare shi ne daga farashi, sau da yawa tun a hannun ɗan kwangila.

Ƙofar farko ta rufe. Wata dokar tarayya ta 2022 ta ba da ragin haraji na kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aiki: har dala 2,000 kan famfon zafi, wato na'urar da ke janyo zafin waje ta ɗumama ɗaki a lokacin sanyi, ta juya ta zama esi a lokacin zafi, da wata dala 1,200 a shekara kan tagogi da ƙofofi da abin riƙe zafi na rufi. Sola da batir ma kashi 30 ne, ba iyaka. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tsayar da duka biyun daga 31 ga Disamban 2025. Saboda haka duk ɗan kwangilar da ya sa ragin nan cikin lissafin sabon aiki, ko dai bai san inda aka kwana ba, ko kuma yana son ciniki ya faɗa. Wanda ya gama aiki a 2025 ya manta bai nema ba, da sauran dama: fom 5695 ake cikewa, a gyara takardar haraji da 1040-X, galibi cikin shekara uku. Ragin sola ana iya tura ragowarsa zuwa shekara mai zuwa, na tagogi da famfon zafi ba a iyawa.

Abin da ya rage shi ne rangwamen da tarayya ta ware wa dala biliyan 8.8, jihohi ke rabawa, kowace da ranarta da ƙa'idarta. New York ce ta fara, a 2024. Shiri biyu ne: HEAR da HOMES.

HEAR kuɗin shigar gida yake dubawa. In abin da kuke samu bai kai kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun yankinku ba, ana iya biyan aikin gaba ɗaya. Tsakanin 80 da 150, rabi. Sama da haka, ba ku ciki. Iyakarsa dala 8,000 kan famfon zafi, 1,750 kan tukunyar ruwan zafi mai aiki da famfon zafi, 4,000 kan akwatin raba wuta, 2,500 kan wayarin, 1,600 kan toshe kafofin iska da shimfiɗa abin riƙe zafi, 840 kan murhun lantarki. Jimilla ba ta wuce 14,000. HOMES kuma sakamako yake biya: ka rage amfani da makamashi da kashi 20 a ba ka har dala 2,000, kashi 35 har 4,000, masu ƙaramin ƙarfi a ninka musu. Ba a haɗa biyun kan aiki guda. Mai ƙaramin samu da ke son na'ura ya fi cin riba a HEAR. Wanda samunsa ya haura layi, HOMES da rangwamen kamfanin wutarsa su ne nasa. Ɗan haya ma yana iya shiga HEAR, amma sai mai gida ya yarda.

To, wane aiki za a fara? Awon gida. Mai awo zai kafa wata babbar fanka a bakin ƙofa ya zuƙe iskar ciki, sai duk inda ke yoyo ya tona kansa: gefen bututu, ƙofar hawa silin, ramin fitilun sama. Toshe waɗannan da ƙara kaurin abin riƙe zafi a silin shi ne aiki mafi araha, kuma shi ya fi saurin mayar da kuɗinsa. Sabbin tagogi su ne suka fi ɗaukar ido, su ne kuma suka fi jinkirin biya, in dai tsofaffin ba ruɓewa suka yi ba.

Famfon zafi sai bayan an toshe gida. Dalili kuwa, girmansa ya dogara da yawan zafin da gidan ke zubarwa. In aka sa wanda ya yi wa gida yawa, zai riƙa kunnawa yana mutuwa kowane 'yan mintuna, ɗaki ya yi damshi a lokacin zafi, injin ya gaji da wuri. A nemi ɗan kwangila ya nuna lissafin Manual J, wato lissafin yawan ɗumi da sanyin da gidan ke buƙata, a rubuce. Wanda ya leƙa tsohuwar hita kawai ya faɗi girma, a nemi wani. A jihohin ƙanƙara kamar Minnesota sai samfurin da aka ƙera don tsananin sanyi. A kuma kwatanta farashi tukuna, domin inda gas ke da araha wuta ke da tsada, bil na iya tashi maimakon ya sauka. Tsohon gida mai akwatin raba wuta na amfiya 100 mai yiwuwa sai an ɗaga shi zuwa 200, wannan ma kuɗi ne da ya kamata ya fito a takardar farashi tun farko.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne saye kafin a amince. Yawancin jihohi suna son a tantance kuɗin shiga tukuna, aikin kuma ya fito daga ɗan kwangilar da ke jerinsu; wanda ya ɗauko na'ura daga kanti ya zo da rasit daga baya, sau da yawa hannu rabbana yake komawa. A fara da shafin ofishin makamashi na jiha, a karɓi farashi daga mutum uku, kowane ya rubuta lambar samfurin na'urar da adadin rangwamen a layinsa daban.