Yaya, ga labarin zaren saƙa a Bradford

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Umma? Kin ce in duba miki zaren saƙa kafin hunturu ya shigo, to na duba, har na saƙa wa Umma ɗan mayafin wuya mara nauyi, bari ki ji yadda abin yake.

Garin nan dama da ulu aka san shi a Ingila, tsofaffin masaƙu na nan tsaye, ta Saltaire ma tun 1853 aka buɗe ta. Amma ni abin da ya burge ni takardar da ke naɗe a jikin kowane ƙullin zare ce, an rubuta giram 50 ne ko 100, mita nawa ne, wace kibiya za ki sa, yadda za ki wanke, sannan ga lambar rini, wato ƙullin da aka rina tare su ke da lamba ɗaya. Matar shagon sai da ta zazzage kwandon ta haɗa min ƙulli uku masu lamba ɗaya kafin ta karɓi kuɗina. Nan take na tuna rigar sanyin da na yi wa autanki, zare ya ƙare muka koma Ƙofar Wambai mai shago ya ce wallahi kala ɗaya ne, da aka fito rana sai ga hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu, har yau abin na min ciwo don sati biyu na yi a kanta.

Sai dai tsada Yaya! Ulu mai laushin nan, merino, fam 6 na biya ƙullin giram 50, kuma babu tayi babu ragi, abin da aka manna shi za ki biya. In ya yi saura dai suna karɓa matuƙar kina da rasit ba ki kuma warware shi ba.

Gaskiya kar ki sa rai da ulun nan, bai dace da Kano ba. Sanyinmu na asuba ne, hantsi na yi mutum ya fara gumi, ga ƙura, shi kuma ba ya son wanki da ruwan zafi ko cuɗa, tsukewa yake. Ki nemi siririn zaren auduga a nan gida ki sa kibiya mai kauri, ni mai milimita 5 na sa maimakon 3.25 da takardar ta ce, ɗauri 40, saƙa ɗaya je ka dawo har mita ɗaya da rabi, sai ya fito sakayau iska na ratsa shi. Ki sayi zaren duka rana ɗaya, ki fito da shi bakin shago ki gwada kalar a hasken rana.

Kibiyoyin gora zan aiko miki tare da mayafin Umma, ba sa zamewa kamar na ƙarfe. Ke kuma don Allah ki sa a rina min farin zare a marinar Ƙofar Mata, shuɗin rinin baba irin namu na gida nake so.