Pentax K1000 ko 'yar kyamarar aljihu: amsa ga mai son ɗaukar duwatsu da fim

Malam, tsakanin Pentax K1000 da 'yar kyamarar aljihu mai sarrafa kanta da ka ce sun raba maka hankali, ɗauki K1000 ka huta. Duka biyun sun ratsa hannuna.

Tawa gadonta na yi a wajen kawu, Allah ya jiƙansa. Daga 1976 zuwa 1997 aka yi ta ƙera irinta, kuma komai nata na hannu ne. Batirin LR44 ɗin da ke ciki allurar awon haske kaɗai yake yi wa aiki. Na ga amfanin haka wani hunturu da na yi sammako zuwa Dutsen Kufena a Zariya. Ina isa na leƙa, allura ta kwanta, batir ya mutu. Laifina ne, don ba ta da makunni, murfin gilashin ne ke kashe awon, ni kuwa na bar ta a buɗe kwana da kwanaki. Sai na koma ga lissafin kawu: rana tsaka, fim mai lamba 200, sa idon gilashi (ƙofar shigar haske) a 16, lambar saurin ɗauka a 250, in da hazo a buɗe idon zuwa 11 ko 8. Haka na ƙarar da hoto 36. Da aka wanke, akwai ɗaya da har yau yake rataye a ɗakina: rabin dutsen ya nutse cikin hazo, ga wata kuka tsirara a gaba, shanu na ratsa ƙurar a gindinta. Wallahi ban taɓa lura da kukar nan ba sai ran nan da na tsaya ina murɗa gilashi, alhali na sha bin hanyar.

K1000 tana da nauyi kam, jikin kaɗai ya haura rabin kilo. In ka hau Dala da ita wuyanka zai gaya maka.

Ta aljihun, to, tana shiga aljihu. Na taɓa sayen wata, ta yi ta harba wa dutse walƙiya daga nesa, ƙura ta shiga injin jan fim, ko damina ba ta gani ba.

Abin da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu sayarwa. Da yawa cewa za su yi "sabuwa fil, daga Turai", alhali ta shekara a kwaba. Kada ka tura kuɗi kan hoton WhatsApp. Riƙe ta a hannunka, buɗe bayan, ɗaga ta saitin haske ka danna a kowace lambar saurin ɗauka daga 1 har 1000, ka ga labulen na buɗewa yana rufewa. Shafa soson bakin murfin bayan. In ya yi danƙo ya manne a yatsa, haske zai shiga ya ƙone maka fim. Haska gilashin da tocilan, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, ajiye masa abinsa. Masu tambarin Asahi a goshi su ne na farko-farko, na ƙarshen an ƙara musu roba, don haka kada a caje ka kuɗin wancan a miƙo maka wannan.

Fim ma duba kwanan watan da ke kan kwali. Kodak Gold 200 ya ishe ka farawa, amma wanda ya sha rana a cikin gilashin shago, ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi dutse.