Likitan da ya ƙi yi wa ragona allura

Masu tambayata wane likitan bisashe nake kira yanzu, ga amsarku, amma ba yabo ne zalla ba.

Ragon layyata balami ne, tun bayan ƙaramar salla nake turkarsa da dusa da harawa. Saura bai fi mako biyu a yi salla ba ya fara tari, majina na zuba, ya kau da kai daga dusa. A da, wani mai yawo da jaka a bayan babur nake kira, irin waɗanda ko me ke damun dabba allurarsu ɗaya ce, wannan mai kalar man gyaɗa. Ban same shi ba, shi ne maƙwabciyata ta ba ni lambar wannan likitan.

Da ya zo bai ko buɗe jakar magani ba. Ya sa ma'aunin zafi ƙarƙashin wutsiya, ya buɗe fatar ido, ya saurari ƙirji, sannan ya daɗe yana duba dasashi. Wai gyambon baki yake nema, don annobar da ke kama awaki da tumaki, da hawaye da majina take farawa, sai baki ya ɓaci, zawo ya biyo. Har ya tambaya ko jajayen awakina sun samu rigakafin kyauta da gwamnati ke yi kowace shekara. Sun samu. Sai ya ce, "Hajiya, na yanka ne ko na kiwo?"

Na ce na layya ne, a yi masa allura ya miƙe.

Ya fiddo kwalbar oksitetrasiklin, ya sa yatsa a kan rubutun da ke jikinta: kwana 21 kafin a yanka. "In na soka masa wannan yau, ranar salla maganin na cikin naman, kuma suya ba ta cinye shi duka. 'Ya'yanki za su ci, waɗanda za ki raba wa za su ci." Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, ai duk Maradi haka ake yi." Ya ce to shi ya sa ake ta kukan magani ya daina ci, ga dabba ga mutum, ƙwayoyin cutar sun saba da shi.

A ganinsa ragon ba shi da zazzaɓi, ƙurar harawa ce. Ya ce in riƙa yayyafa mata ruwa, in ɗauke turken daga bakin iska, ya ba da bitamin. Ya kuma faɗa mini ƙiri-ƙiri, in zafin jiki ya hau zai yi allurar, ni kuwa in nemi wani ragon. Jika biyu ya karɓa har da kuɗin mai, alhali da ya soka allurar da ya fi haka samu. Kafin salla ragon ya koma cin dusa har yana tunkurin kwano. Wallahi na yi ta ba da lambarsa a gidan suna da gidan biki.

To amma fa. Bayan damina akuyata ta tashi haihuwa da dare, ɗan ya zo da ƙafa ɗaya ya tsaya. Waya na ta ringin ba a ɗauka. Sai da hantsi ya turo yaronsa, ba shi ba. Yaron ko hannu bai wanke ba ya zura, ya ja ɗan a mace, sannan ya zaro allura daga aljihun riga, ya yi wa uwar, ya juya zai yi wa wata da ita. Sai da na daka masa tsawa ya canza. Ya ce jika biyar, ba takarda, ban san ma sunan abin da ya zuba mata ba. Mutumin da ya tsaya yana karanta mini jikin kwalba, a ce wannan ne yaronsa?

Na je har ɗakin maganin na faɗa masa. Ya saurara, ya ba ni haƙuri, ya ce zai yi wa yaron magana kuma zai zo da kansa ya duba akuyar. Ta warke don kanta, har ta sake ɗaukar ciki, likita bai zo ba.