Wata bakwai da maƙalin waya a kan babur: inda na ɗaura shi da abin da na gani

Aikina kai saƙo ne a cikin Kano, kuma da Google Maps nake gane lungunan Hotoro da Rijiyar Zaki. Wato wayata ita ce GPS ɗina, don haka wurin da za ta zauna a kan babur babban al'amari ne a wurina.

Na fara da wani maƙali mai araha da ake ɗaurawa a gindin madubi. Ganin taswira kam ya yi daɗi, domin wayar na sama kusa da ido. Amma sandarsa doguwa ce siririya, duk karkarwar inji a kanta take ƙarewa. Ko a tsaye nake ina jiran danja, rubutun rawa yake yi. Bayan 'yan makonni kyamarar ta fara ɗaukar hoto dishi-dishi. Mai gyara ya ce mini a cikin kyamarar akwai wani ɗan sashe mai motsi da ke hana hoto girgiza, shi ne karkarwa ta lalata. Ashe tun a 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone a kan wannan. Ga kuma wayar ta leƙo gefe, daidai hannun mai ƙwace, mu kuwa a garin nan mun san abin da ake ciki.

Wanda nake amfani da shi yanzu na ƙarfe ne, a kasuwar waya ta Farm Centre na saya. Yana kama ƙarfen kan babur mai kaurin milimita 22, kuma tsakanin maƙalin da wayar akwai robobi huɗu masu shanye karkarwa. Waɗannan robobin su ne kuɗin, wallahi. Na ɗaura shi a tsakiya, dab da mita, na ɗan karkato shi yana kallon fuskata. Kafin in ɗaure noti sai da na juya kan babur har ƙarshe hagu da dama, na tabbatar bai taɓa tanki ba, bai danne wayar birki ko ta kuloci ba, makulli ma na shiga ba gardama. Ka zauna a kan babur da hular kwanonka ka gwada, kusurwar da ka gani a tsaye daban take da ta zaune.

Wurin caji bakanike na sa ya haɗa mini. Na ce ya jawo wuta daga layin da makulli ke kunnawa, ya sa fis. In aka haɗa kai-tsaye da batir, a hankali zai riƙa zuƙe shi ko babur na kashe.

Maƙalin yana da nasa aibu. Tsakiya ta fi madubi ƙasa, dole in sunkuyar da ido, shi ya sa nake dogara da muryar taswirar, in abu ya rikice in gangara gefe in tsaya. Rana kuma ba ta raga masa: a watan Afrilu, tsakanin azahar da la'asar, wayar kan yi zafi ta rage haske har ta daina caji. Ranar ruwa kuwa aljihu take komawa, don ba shi da murfi. Noti ɗaya yakan saki in na bi hanya mai gargada, duk Juma'a nake bi da sifana.

Da za a sace shi yau, gobe irinsa zan saya, kuma a tsakiyar zan sake ɗaurawa.