Global Forest Watch: ka ga inda daji ke ƙarewa, sauran lissafin naka ne

Masu tambaya ko wannan shafin intanet na Global Forest Watch, mai sa ido kan dazuzzukan duniya, yana da amfani, eh yana da shi, kuma kyauta ne. Cibiyar World Resources Institute ce ta buɗe shi a 2014, hotunan kuma na tauraron ɗan adam ne da masana a Jami'ar Maryland ke tacewa. Kana buɗe taswirar za ka ga duk inda bishiyoyi suka ɓace tun daga 2001 an shafa masa ruwan hoda, sai ka ja shekarun kana kallon launin yana cin Amazon da tsibirin Borneo da dajin Kwango kamar wutar daji. A lissafinsu, a 2024 kaɗai an rasa hekta miliyan 6.7 na tsohon daji a ƙasashe masu zafi, kuma gobara ce kan gaba.

Ni dai abin da ya fi burge ni ɓangaren gobarar ne, don nan ake gane yadda hayaƙi da cuta ke haɗuwa. Duba tsibirin Sumatra na Indonesiya da Borneo, wajen da aka yi mummunar gobara a 1997 da 1998 hayaƙi ya turnuƙe yankin har Malesiya, to wasu masana na ganin hakan na cikin abin da ya kori jemagu daga daji suka koma gonakin 'ya'yan itace kusa da garken aladu, aladu suka ci ragowar da jemagu suka gatsa, daga nan cutar Nipah mai kumbura ƙwaƙwalwa ta shiga mutane a Malesiya ta kashe sama da 100. Shi kansa hayaƙin ma yana raunana huhu, kowace cutar numfashi ta zo sai ta samu hanya a buɗe.

Sai dai fa kar ka zata taswirar za ta gaya maka wannan. Babu bayanin annoba a ciki, kai za ka haɗa da kanka. Kuma ba duk ruwan hoda ne ɓarna ba, wani wajen gonar katako ce aka girbe za a sake dasawa, masu shafin ma sun faɗi haka a bayanansu amma wa ke tsayawa karantawa?

Ga ɗalibi ko ɗan jarida ya yi sosai. A kwamfuta ya fi daɗin dubawa, allon waya ya yi masa kaɗan.