Gargaɗi ga masu sauka Delhi: idan direba ya ce otal ɗinku a rufe yake, damfara ce ta fara

Duk mata da mijin da za su je Delhi, babban birnin Indiya, ko don neman magani, ko sarin kaya, ko yawon buɗe ido, su san cewa 'yan damfarar garin sun fi cin kasuwa a awannin farko bayan saukar baƙo. Dalili a fili yake. Jiragen da ke biyowa ta Addis Ababa, Doha ko Dubai da dama cikin dare ko da asuba suke sauka a filin jirgin Indira Gandhi, ga gajiya, ga kaya, waya ba layi, ba kuma wanda ya san gabas balle yamma.

Ga yadda suke shirya abin. Kuna fitowa daga Terminal 3, inda jiragen ƙasashen waje ke sauke fasinja, wani zai tare ku da fara'a, wataƙila har da kati rataye a wuya, ya ce tasi. Kuɗin da zai faɗa ba zai yi yawa ba, don ba a kuɗin mota ribarsa take ba. Bayan an yi tafiyar minti ashirin ko talatin sai ya fara 'yan tambayoyi: wannan ne zuwanku na farko? Kun biya kuɗin otal? Akwai mai jiranku? Ba hira yake yi ba, auna ku yake. Can sai ya shiga wani lungu mai duhu inda aka gitta shinge, wani mutum mai kama da mai gadi ya leƙo ya ce hanya a rufe take, ana biki, ko zanga-zanga, ko an hana baƙi shiga unguwar sai da takardar izini. Idan ya ga akwai mace a motar sai ya canza salo, ya dubi maigida ya ce unguwar ba ta dace da mace ba da dare. Wannan kalma ita ta fi kama maza, don babu mai son a ce ya kai iyalinsa inda bai kamata ba.

Daga nan sai direba ya nuna tausayi, ya ce bari ya kai ku ofishin gwamnati na masu yawon buɗe ido su taimaka. Ofishin zai kasance a kewayen Connaught Place ko Karol Bagh, da allo mai kama da na hukuma, da taswirori a bango, da mutum a bayan tebur da kwamfuta. Ofishi ne na 'yan kasuwa. Mutumin zai karɓi takardar otal ɗinku ya ce bari ya kira muku su. Lambar da zai danna ba ta otal ba ce, ta abokin aikinsa ce, wani lokaci ma yana ɗaki na gaba. Za a miƙa muku wayar ku ji da kunnenku ana cewa "ku yi haƙuri, mun cika," ko "mun soke ɗakinku." Gaba ɗaya damfarar a kan wannan kira ɗaya take tsaye. Da zarar kun yarda cewa da otal ɗinku kuka yi magana, sauran mai sauƙi ne: za a ce duk otal-otal na Delhi sun cika, sai ɗaya mai tsadar gaske, ko kuma a ce gara ku bar garin a daren nan da mota da direba zuwa Agra da Jaipur, ko a haɗa muku tafiya Srinagar a Kashmir. A goga katin banki, ku sa lambar sirri da hannunku, ku sa hannu a takarda. Wannan sa hannun ne ke sa dawo da kuɗin ya yi wuya, don a idon banki ciniki kuka yi da yardarku.

Abin da ke sa ƙaryar shiga shi ne tana da ƙanshin gaskiya. Ana rufe hanyoyi a tsakiyar Delhi gabanin bukukuwan ƙasa na 26 ga Janairu da 15 ga Agusta, an kuma rufe yankin sosai lokacin taron shugabannin manyan ƙasashe na G20 a Satumban 2023. Amma ko a irin waɗannan ranaku otal ba ya ɓacewa, kuma ba direban tasi ne zai ba ku labarin ba. Ofishin yawon buɗe ido na gwamnatin Indiya yana lamba 88, titin Janpath, kuma ba ya buɗewa ƙarfe 2 na dare yana jiran baƙi.

Maganin tun daga gida yake farawa. Ku rubuta lambar otal a takarda, ku kira su kafin ku tashi ku tabbatar da ɗaki da lokacin isowarku, in da hali su turo mota da sunan direba da lambar motar. Masu zuwa asibiti su nemi sashen marasa lafiya na ƙasashen waje ya turo musu wannan a rubuce. Ku sauke taswirar Delhi a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, ku buɗe ta a cikin mota direba yana gani. Ku sayi layi a cikin filin jirgi da fasfo da biza, amma ku sani wani lokaci yakan ɗauki awanni kafin ya fara aiki, don haka a bar layin gida ɗaya da kuɗin da zai iya kira ɗaya ko biyu. Tsadarsa ba ta kai ta damfara ba.

In babu mai ɗaukarku, akwai rumfar tasi ta 'yan sandan hanya inda ake biya tun kafin a hau. Za a ba ku rasit. Kada ku miƙa wa direba rasit ɗin sai kun ga sunan otal ɗinku a jikin gini, domin da shi zai karɓi kuɗinsa, shi ne linzaminsa a hannunku. Uber da Ola ma suna aiki, sai dai a duba lambar mota ta yi daidai da ta waya. Akwai kuma jirgin ƙasa na Metro daga filin jirgi da ke kaiwa tashar New Delhi cikin kimanin minti 20 a kuɗin da bai kai rupi 100 ba, amma yana tsayawa kafin 12 na dare sai wajen asuba. Idan direba ya fara zancen rufe hanya, amsa ɗaya ce: a kai mu ƙofar otal ɗin mu gani. Kada ɗayanku ya sauka ya shiga ofishi ya bar ɗaya da kaya a mota, kada kuma fasfo ya bar hannunku. Lambar gaggawa 112, ta taimakon masu yawon buɗe ido 1363.

A lura da kuɗi ma, har a rumfar biya. Kun miƙa rupi 500, kafin ku ƙifta ido an musanya ta da 50 ko 100 ana cewa ba ku cika ba. Takardar 500 ruwan toka ce, sabuwar 100 ruwan shunayya mai haske, 50 shuɗiya. Ku faɗi adadin da baki kuna miƙawa, takarda ɗaya-ɗaya. Tsofaffin 500 da 1,000 an soke su tun Nuwamban 2016, an kuma fara janye ta 2,000 a Mayun 2023, don haka kada mai canji ya cusa muku su.

Gari ya waye, kun fita zagayawa, wasan bai ƙare ba, kaya kawai ya canza. A bakin tashar jirgin ƙasa ta New Delhi, ɓangaren Paharganj, wani zai tare ku ya nemi ganin tikiti, ya ce an soke jirginku ko ofishin tikiti ya koma wani wuri, ya tsayar muku da a-daidaita-sahu, irin dai namu na Kano, ta kai ku ofishin jiya ko ɗan'uwansa. Ba a duba tikiti a bakin titi. Ku wuce ciki ku duba babban allon jirage da kanku. Mai a-daidaita da ya ce zai zagaya da ku awa guda a rupi 20 ko 50 shagunan darduma da gwala-gwalai zai bi da ku, inda ake ba shi la'ada a kan kowane baƙo. A Connaught Place kuma akwai masu ɗiga ƙazanta a takalmi, mai wankin takalmi ya bayyana nan take ya tsawwala kuɗi. A goge da takarda a ci gaba da tafiya.

Ranakun rufewa na gaskiya kaɗan ne, ku riƙe wannan: ana rufe Taj Mahal da ke Agra ranar Juma'a. Wanda ya ce muku Jama Masjid a rufe yake, ku taka zuwa ƙofar masallacin ku tambayi masu gadinsa.